Ranar da Bakanon Bogi Ya Rusuna wa Bazazzagi

Abubuwa da yawa sun same ni a shekarun da na yi ina aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa, wasu ma yanzu ko an tuna mini sai na yi dogon nazari. Amma ranar da wani ɓarawo ya ari fuskata ya je ya rusuna wa Bazazzagi, wannan kam ko na tsufa na fara rikita sunayen jikokina ba za ta fita daga kaina ba. Ko da ma na so in manta, 'yan kamfaninmu ba za su bari ba.

Lokacin nan ne da harkar kirifto, wato kuɗin intanet, ta shigo Kano da ƙarfinta. Duk wanda ka gani ya sunkuyar da kai yana dangwalar waya, wai mainin yake yi, wato haƙo kuɗin ta waya. A cikin adaidaita dangwala, a layin alwala dangwala, har wajen zaman makoki na taɓa ganin wani ya saka hannu a aljihu yatsansa na motsi. Mu ma ba a bar mu a baya ba. Muka buɗe guruf a wata manhajar hira, da farko iya mu 'yan kamfani, daga baya kowa ya jawo nasa. Aka samu 'yan kamfanonin fata na Challawa, aka samu 'yan kamfanin alewa na Bompai, har ta kai rabin mutanen ban taɓa ganin idonsu ba. Ni aka naɗa admin, ba don na fi kowa sani ba, sai don an san ba na jin nauyin korar mutum. Ka turo katin suna ko tallan shadda, kafin ka ajiye waya kana waje.

Haka nan kuma ni mutum ne mai gajeren rubutu. Idan ka jero mini gaisuwa tun daga kwana har gajiya har iyali, abin da za ka samu shi ne “lafiya.” Matata takan ce ina rubutu kamar wanda ake cajinsa kuɗi a kan kowane harafi. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin aibi ba, har yau ma ban ɗauka ba.

A kamfanin akwai wani dattijo mutumin Zariya, shi ke kan injin haɗa kala. Kullum hannunsa da launin abin da aka buga ranar, in bokiti shuɗi ne hannu shuɗi, in buta ja ce hannu ja. To, kowa ya san abin da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi: wasa ne da muka taras, kowa yana cewa ɗan'uwansa bawansa ne, ba mai fushi, kuma ba mai sallamawa. Tun ranar da na fara aiki ya ji ni Bakano ne ya raɗa mini “bawa,” ni kuma na raɗa masa “ɗan fate.” Ya haife ni a shekaru, kuma duk wani dattijo a kamfanin nan ina durƙusa masa, amma shi ko “sannu” mai kyau bai taɓa samu daga bakina ba. In na shigo da safe ya ce, “Bawa, an karya da gurasar jiya?” sai in ce, “Ta fi faten shekaranjiya.” Gaisuwarmu ke nan. In har kwana biyu suka wuce bai tsokane ni ba, sai in ji duk aikin ya gundure ni.

Dattijon nan yana da wani gini a Zawaciki da ya daɗe yana fama da shi. Bango ya tashi har an ɗaure shi, saura rufi. Yana haya a Na'ibawa, mai gida kuma ya riga ya ce masa bana zai rushe ya yi shaguna. Duk abin da ya samu na adashi da na ƙarin aiki yana tarawa don kwanon rufi, amma kullum ya je tambaya sai ya taras kwano ya ƙara tashi, kuɗinsa kuma suna nan inda ya bar su. Ni na ba shi shawara ya mayar da su irin kirifton nan da ke bin farashin dala, ni kuma na buɗe masa walet, asusun da ake ajiye su a waya. Da manhajar walet ɗin ta fito da kalmomin sirri goma sha biyu na Turanci, na juya baya na ce ya duba shi kaɗai. Na ce masa, “Kalmomin nan su ne makullin. Duk wanda ya same su ya samu kuɗin, ko yana bangon duniya. Kada ka ba kowa, ko ni ne na tambaye ka.” Ya ce, “Dama wa zai ba bawa makullin gida?” Ya zauna ya haddace su tas, kamar yadda ya haddace karatunsa yana yaro.

Abu ɗaya ya rage in faɗa kafin in zo kan ranar. A kamfaninmu ba a shiga da waya. A get kake kashe ta ka miƙa wa maigadi, ya jefa a akwati ya ba ka lamba, sai ka tashi ka karɓa. Kowa ya san wannan, ciki har da masu ɓoye tasu a safa.

Ranar ina aikin safe, dattijon kuma yana na rana. Hadari ya fara haɗowa a gabas a 'yan kwanakin, ana ta cewa ruwan farko ya kusa. Kamar yadda ya saba, ya iso da wuri ya zauna a rumfar mai shayin da ke bakin get, wani ɗan Nijar da tukunyarsa ba ta sauka daga wuta saboda canjin aiki. Abin da ya faru kafin in fito, mai shayin ne ya ba ni labari daga baya, sauran kuma na karanta da idona.

Yana cikin kurɓar shayi saƙo ya shigo masa ta gefe, ba a cikin guruf ba. Sunana ne, hotona ne, wanda na ɗauka ranar ɗaurin auren ƙanena da babbar rigar aro. A wannan manhajar suna da hoto kawai kake gani in ba ka tona ba. Saƙon ya ce: “Assalamu alaikum Baba, ranku ya daɗe. Da fatan kun tashi lafiya, ya iyali, ya ƙoƙari? Allah ya ƙara girma. Baba, an samu matsala a walet ɗin wasu 'yan guruf, yau ake sabuntawa, wanda bai yi ba kafin la'asar za a rufe nasa. Ku turo mini kalmomin nan in gyara muku da kaina, ba na so ku wahala.”

Mai shayi ya ce dattijon ya zaro tabarau ya karanta, ya goge tabarau ya sake karantawa, sannan ya ajiye wayar a hankali ya ce, “Ƙaro mini shayi, ka cika madara. Jama'a ku matso, Kano ta faɗi.”

Kada ku ɗauka ya manta gargaɗina. Bai manta ba. Lissafinsa shi ne ni na yi wani kuskure tun wajen buɗe walet ɗin, yanzu abin ya ɓaci, kunya ta kama ni, shi ya sa na zo da ladabi. A cewarsa, Bakano ba ya ladabi sai ya yi ɓarna. Kuma tunda shekara da shekaru yana jiran wannan rana, ba zai bari ta wuce a banza ba. Sai ya yanke hukunci a gaban mutane cewa zai bayar da kalmomin, amma ɗaya bayan ɗaya, kowace kalma da farashinta.

Ya rubuta da yatsa ɗaya: “Bawa, fara rubuta Zazzau ta fi Kano.”

Ko numfashi ba a yi ba amsa ta dawo: “Wallahi Baba, Zazzau ta fi Kano nesa ba kusa ba.”

Rumfa ta kaure da ihu. Ya tura kalma ta farko. Ya ce a rubuta fate ya fi gurasa, aka rubuta, har da ƙarin cewa gurasa ai abincin wanda ya rasa ne. Ya tura ta biyu. Ya ce a rubuta kakana a gonar kakansa ya girma, ɓarawon nan mara zuciya ya rubuta har da “muna godiya da riƙon da aka yi mana.” Direbobin da ke jiran lodi suka bar motocinsu suka zo, masu aikin rana da suka fara isowa suka yi da'ira. Kowa yana kawo shawarar abin da za a sa ni in faɗa. Abin da ya ja lokaci kawai shi ne dattijon da baki ya haddace kalmomin, rubuta su kuwa sai ya yi ta lalube yana gogewa.

A duk taron nan mutum ɗaya ce ta yi tambayar hankali, wata 'yar Filato da ke sashen shirya kaya. Ta ce, “Baba, ba yana ciki yana aiki ba? Ai wayarsa tana get.”

Ya ce, “'Yata, Bakano ne fa. A safa ya ɓoye ta. In ya gama tuba ma sai na kai ƙararsa wajen manaja.”

Aka sake fashewa da dariya, ita ma ta yi dariya ta ƙyale. Na sha tunanin wannan wuri. Mutanen nan duk sun san dokar get, duk sun san halina, wasu ma na taɓa korarsu daga guruf na dawo da su. Amma daɗin abin ya yi yawa, ba wanda yake so a ce ba gaskiya ba ne.

Aka buga ƙararrawar tashi, na fito a gajiye, kunnena na ta ƙugin inji. Na miƙa lamba na karɓi wayata, ban ma kunna ba. Ina sako ƙafa waje na ji tafi. Wani direba ya cire hula ya ce, “Sannu da fitowa, bawan Zagezagi!” Na ɗauka irin tsokanar kullum ce, har na buɗe baki zan rama, sai na hango dattijon a kan benci ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, wani yana yi masa fifita da kwali, bakinsa har kunne.

Ya ce, “Matso, bawa. Ashe kana da tarbiyya ka ɓoye?”

Ya ɗaga wayar daga nesa, ya riƙe ta gam. Na ga hotona, na ga sunana, na fara karantawa. Maganar gaskiya, abin da ya fara tsaya mini a wuya maganar gurasa ce. Raina ya ɓaci sosai. Sai da idona ya sauka a kan kalmomin Turanci da ke tsakanin saƙonnin, ɗaya a nan ɗaya a can, sannan gabana ya faɗi, gajiyar ma na neme ta na rasa.

Na ce, “Nawa ka tura?”

Ya ce, “Saura biyu. Su na ajiye wa manyan sharuɗɗa.”

Na san abin da shi bai sani ba. Wanda ya samu goma a jere ba lallai ya jira sauran ba, akwai na'urar da za ta yi ta gwadawa har ta dace. Abin da ya hana ɓarawon yin haka kawai shi ne ya ga tsoho yana miƙowa da kansa. Na ce, “Wallahi ba ni ba ne. Ɓarawo ne ya ɗauki hotona. Ba ni wayar nan yanzu-yanzu.”

Dariyar da aka yi ta fi ta baya. Wani ya ce kunya ce ta kama ni da na ga jama'a. Na ɗaga wayata na nuna musu a kashe take, dattijon ya ce yanzu na kashe ta a aljihu. Na juya wajen maigadi ya ba da shaida cewa daga akwatinsa ta fito, na manta shi ma mutumin Zariya ne. Ya ɗaga kai yana kallon hadari kamar bai ji ni ba. Na kai hannu zan warce wayar, tsohon nan ya cusa ta a ƙarƙashin cinyarsa ya zauna a kai.

Ya ce, “Waya ba za ta bar nan ba sai ka maimaita da bakinka abin da ka rubuta. Rubutu ana musunsa, ga shi ka fara.”

Na roƙe shi, na rantse, na yi masa bayanin na'ura, duk a banza. Duk rantsuwar da na yi sai ya juya ya ce wa mutane, “Kun ji Bakano da rantsuwa, kamar yana sayar da atamfa.” Wannan ita ce matsalar abokin wasa: ranar da ka zo masa da gaskiya tsirara, ba shi da kunnen da zai ji ta da shi.

Na tsaya ina kallonsa. Na tuna bangon nan na Zawaciki da na taɓa raka shi muka gani, yana nuna mini inda ɗakin matarsa zai kasance. Na tuna ni na ce masa ya zuba kuɗin a nan. Tsoro ya kama ni. Na ajiye wayata a kan teburin shayi, na share murya, na ce, “Zazzau ta fi Kano.”

Ya kama kunne ya ce, “Na baya ba su ji ba.”

Na ɗaga murya na ce, “Zazzau ta fi Kano! Fate ya fi gurasa! Ni bawanka ne! Ba ni wayar, don girman Allah!”

Ban taɓa jin ihu irin na ranar ba a Sharaɗa, ko ranar da aka ƙara albashi. Wasu suna tsalle, wasu sun ɗaga waya suna ɗauka. Dattijon ya share hawayen dariya, ya zaro wayar ya miƙo mini da hannu biyu kamar mai ba da kyauta. Tana shiga hannuna ta yi ƙara. Saƙo ya shigo, da sunana, da hotona da babbar rigar aro: “Baba ranku ya daɗe, saura biyu, lokaci yana ƙurewa.”

Na juya fuskar wayar na nuna masa. Hannuwana biyu suna kan tasa, tawa tana kan tebur kusa da gwangwanin madara, baƙi ƙirin. Ya dubi wayar, ya dube ni, ya dubi teburin. Ihun ya fara mutuwa daga gaba yana tafiya baya.

Ya ce, “Innalillahi. To wa nake ta yi wa wasa tun ɗazu?”

Sai ya kama hannun rigata ya ce da wata murya da ban san shi da ita ba, “Rufina.”

Dabara ɗaya ce: a buɗe sabon walet mai sababbin kalmomi, a kwashe komai a mayar can kafin ɓarawo ya gaji da jira. Amma sai an ɗaure shi da magana tukuna. Nan fa ni da aka kwaikwaya na koma ina kwaikwayon Bazazzagi. Na rubuta masa, “Bawa, saura sharaɗi ɗaya. Rubuto mini kirarin Zazzau mai tsawo, kada ka rage komai, sai in ba ka biyun a haɗe.” Na ga alamar ya fara rubutu. Allah ya haɗa mu da ɓarawo mai biyayya.

Na shiga manhajar walet, ta ce sai da lambar sirri. Na ce ya faɗa, tsoho ya buɗe baki ya rufe. Mutumin da ya haddace kalmomin Turanci goma sha biyu, tsoro ya share masa 'yan lambobin da yake bugawa kullum. Na ce to ya ɗora yatsa. Waya ta ƙi karɓa, saboda kalar jiya ta bushe a babban yatsansa, shuɗi har cikin zane. Mai shayi ya kamo hannun ya tsoma a ruwan wanke kofi mai ɗumi, ya dirje shi da soso da sabulu kamar gindin tukunya, tsoho yana cewa a yi a hankali, mai shayi yana cewa, “Baba, yatsa ko rufi?” Aka goge a jikin rigar wani, aka ɗora, ta buɗe.

Sai kuma data ta ƙare. Wallahi a lokacin na ji kamar in zauna a ƙasa in yi kuka. 'Yar Filaton nan ce ta kutso ta ce, “Ga tawa, jona.” Ta jona mana, ta tsaya tana ɗaga wayarta sama saboda sabis ɗin bakin get sai an lallaɓa shi. Na buɗe sabon walet, na kau da kai daga kalmominsa, na tura komai. Wani ɗan da'ira ya fara juyawa a fuskar wayar. Mutum wajen talatin sun zuba ido suna kallon abu yana juyawa. Dattijon yana ta salati a hankali, har yanzu bai saki hannun rigata ba.

Da ya tsaya, na duba tsohon walet na ga wayam, na duba sabo na ga komai ya sauka. Na ce, “Sun shiga.” Tsoho ya sulale ya zauna a kan benci, ya rufe fuska da hannunsa mai shuɗi da fari. Mai shayi ya kore kowa gefe, ya tura shi bayan rumfa shi kaɗai, ya kwafi sababbin kalmomin a takarda, ya miƙo mini wayar, ya fara sabuwar hadda.

Yana can sai ga kirarin ya iso, dogo, an yi masa ado, an kira Zagezagi iyayen gidan Kanawa tun fil azal. Zan goge ke nan ya leƙo daga bayan rumfa ya ce, “Kul! Bar mini kayana.” Ashe ya fara dawowa hayyacinsa. Na toshe ɓarawon, na kunna wayata na fitar da shi daga guruf, na sanar da kowa.

Sai dai ba kowa sanarwar ta riska a kan lokaci ba. Akwai wani ɗan Jigawa da ke aiki a kamfanin fata a Challawa, bai taɓa ganina ba, hotona kawai ya sani. Shi ba abokin wasana ba ne, ba shi da dalilin jan rai. An tambaye shi da ladabi, ya bayar da ladabi, aka kwashe shi tas. Washegari ya zo har get ɗinmu ya tsaya yana jirana. Bai yi faɗa ba, bai zage ni ba. Ya dube ni ya ce, “Na zo ne in ga mai hoton.” Wannan magana ta fi komai yi mini ciwo, kuma har yau in na tuna shi dariyar labarin takan ragu. Muka yi masa ɗan abin da za mu iya a tsakaninmu, amma bai kai ko kusa ba. Daga ranar na rufe ƙofar guruf, ba mai shiga sai wanda wani sananne ya tsaya masa. Na kuma ɗauki murya, da muryata ta ainihi mara daɗi, na liƙa a sama: ba zan taɓa bin kowa ta gefe ba, ba zan tambayi kalmomin kowa ba, duk wanda ya ga na yi masa doguwar gaisuwa ya san ba ni ba ne.

Ni kuwa nawa hukuncin daban. Bidiyon da aka ɗauka ya zaga Sharaɗa kafin magariba, ya tsallaka Challawa, ya isa Bompai. Na je sayen burodi a unguwarmu mai shago ya ce, “A haɗa da fate?” Matata ta kalla ta yi dariya har ta riƙe bango, ta ce ashe ina da dogon zance in na ga dama. Kanawan kamfani suka yi mini zaman tuhuma, na yi musu bayanin rufi, suka ce sun gane, amma duk da haka da na rage murya. Shi kuwa gogan, duk wanda ya ce masa ai na farko ɓarawo ne ya rubuta, sai ya ce, “Na ji. Na biyun fa, shi ma ɓarawo ne?”

A satin ya fitar da kuɗinsa ya sayi kwano da katako. Da aka gama rufi ya aiko in zo in gani, wai bawa ya kamata ya san gidan ubangidansa. Na je Zawaciki da yamma, muka zauna a ɗakin da ko daɓe ba a yi ba, matarsa ta kawo fate a babban kwano. Muna cikin ci ruwa ya sauko, ya fara dukan sabon rufi har ba ma jin juna sosai. Ya daina ci ya ɗaga kai yana bin kowace kusurwa da ido, ko ɗigo babu. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce, “Ranar nan ka yi mini abin da...” Ya tsaya, na ga idonsa ya kawo ruwa. Ni kuma na sunkuyar da kai. Ya yi gyaran murya ya ƙarasa, “...bawa nagari yake yi.” Na ce faten ba gishiri. Na kuma cinye rabona tas.

Abin da na koya a wannan rana ban same shi a wani guruf ba. Suna da hoto kayan aro ne, kowa zai iya saka su kamar yadda na saka babbar rigar nan, amma hali ba a aronsa. In wanda ka sani ya zo maka a waya da bakin da ya fi nasa zaƙi, yana gaggauta ka, yana neman abin da aka ce kada ka ba kowa, to ka ajiye wayar ka nemi mutumin da kansa, ka ji muryarsa ko ka jira shi a bakin get. Kuma ka fi yin hattara ranar da saƙo ya faɗa maka daidai abin da ka daɗe kana so ka ji, domin ta nan aka shiga dattijon, ba ta rashin wayo ba. Ya yi ritaya yanzu, muna gaisawa ta waya. Duk ranar da saƙonsa ya shigo babu tsokana a ciki, ba na amsawa. Kiransa nake yi, in bar shi ya ce mini bawa, sannan hankalina ya kwanta.